Nazarin lamari: yadda wata mai shagon kyaututtuka a Bauchi ta koyi bambance Labubu ta asali da ta jabu

## Shagon da kayan

Matar da wannan nazari ya shafa tana da ƙaramin shago a Yelwa, cikin garin Bauchi, a hanyar da ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da na kwalejin tarayya ta Gwallameji suke yawan bi. Turare take sayarwa da jakunkunan hannu da rigunan waya da ƙananan kayan kyauta na biki da suna. Rabin cinikinta a shago ne, rabi a WhatsApp da Instagram. Kafin 2025 ba ta taɓa sayar da 'yar tsana mai tsada ba. Waɗanda ta sani su ne na roba da ake sarowa dozin-dozin don yara idan sallah ta matso.

Labubu ba irinsu ba ce. Kasing Lung, mai zane haifaffen Hong Kong wanda ya tashi a Holan, shi ya ƙirƙire ta a 2015. A 2019 ya ƙulla yarjejeniya da Pop Mart, kamfanin da Wang Ning ya kafa a Beijing a 2010, daga nan aka shiga yin ta da yawa. Wadda ake ratayawa a jaka, fuskarta da hannayenta da ƙafafunta roba ce nau'in PVC, jikin kuma gashi ne mai laushi, da zobe a saman kai. A rufaffen kwali ake sayar da ita, mai saye bai san kalar da zai samu ba sai ya ɓare. Babban kwali yana ɗauke da ƙanana shida, kala shida, sannan akwai ta bakwai da ake kira ta sirri, wadda ke fitowa sau ɗaya cikin 72. Wannan shi ke sa manya, ba yara ba, su yi ta saye suna tarawa suna musaya. Fitowa ta farko ta irin wannan a Oktoba 2023 ta zo, ta biyu a Yuli 2024, ta uku a Afrilu 2025. A watan Yunin 2025 aka yi gwanjon wata ƙatuwa mai tsayin santimita 131 a Beijing a kan yuwan (kuɗin China) miliyan 1.08. Inda kuɗi ya kai haka, masu jabu ba sa jinkiri.

## Yuni 2025: sarin farko

Bayan Babbar Sallah ɗalibai mata suka fara tsayawa a bakin shagon suna nuna mata hoto a waya: "Anti, ba ki kawo wannan ba?" Da tambayar ta yi yawa sai ta kira dilan da take sarin jaka a wajensa, shi kuma ya haɗa ta da wani a Legas wanda ba ta taɓa gani ba. Ya turo hotuna da bidiyo. Ta tambaye shi ko orijina ce, ya ce masana'anta ɗaya ke yin su, nasa dai ta ƙofar baya suke fitowa, shi ya sa suka yi sauƙi.

Ta sari manyan kwalaye huɗu, guda 24 ke nan, kowace a ₦6,500. Jimilla ₦156,000, ban da kuɗin mota. Ba rasit, ba sunan shago, lambar asusu kawai da lambar waya. Kaya suka iso ta tasha, ta jera su a gilas, ta sa hoto a shafinta ta rubuta "orijina", ta yanka musu ₦15,000. Cikin mako biyu 11 suka tafi.

## Yuli: ƙorafi biyu

Na farko wata Hajiya ce da ta saya wa 'yarta 'yar sakandare. Ta dawo da yamma da 'yar tsanar a leda, ido ɗaya babu. Ta buɗe tafin hannunta ta nuna idon: ƙaramar ƙwaya baƙa, bayanta busasshen gam fari, ba wani abin da ya riƙe ta a cikin fuskar sai gam ɗin. A bakin autanta ɗan shekara biyu ta ciro shi.

"Ƙanwata, ba kuɗin na zo karɓa ba," in ji ta. "Na zo ne ki san abin da kike sayarwa."

Mai shagon ta ba ta haƙuri, ta mayar mata da kuɗinta. Bayan ta tafi ta ɗauki ɗaya daga cikin na gilas ta ja hannun a hankali, ya zare ba tare da ta sa ƙarfi ba.

Na biyu wata ɗaliba ce da ƙawayenta suka yi wa dariya a hostel, suka ce tata Lafufu ce, sunan da ake kiran na jabu da shi a intanet. Hujjarsu haƙora: ta asali haƙora tara gare ta, tata kuwa goma.

## Gwaji na farko: ƙirga haƙora

Daren nan ta ɓare sauran 13 duka ta zauna tana ƙirga. Wasu takwas, wasu goma, biyar kuma tara cif. Ta ware biyar ɗin gefe da tunanin cewa dilan ya cakuɗa mata ne, na asali da na jabu a kwali ɗaya. Ta kira shi da wannan magana. Ya ce zai duba. Washegari hoton kansa ya ɓace a WhatsApp, kiran waya ya daina shiga.

Biyar ɗin ba su daɗe a matsayinsu ba. Ɗaya fentin hancinta ya bi yatsa da aka goga, ɗaya kunnuwanta sun buɗe nesa da juna, kuma dukkansu warin roba mai hawa kai suke yi idan an ciro su daga leda. Ta kwashe 13 ɗin daga gilas. Abin da ta ɗauka daga wannan zagaye shi ne ta saro mai arha ne, don haka a gaba ta nemi mai tsada.

## Agusta: sari na biyu da lambar QR

Wani dila a Kano, wannan karon mai shago da ta san inda yake, ya ce yana da "lamba ɗaya". Guda 12 a ₦14,000 kowace, ₦168,000. Ta nemi bidiyo kafin ta biya. Haƙora tara. Kwalin ba ya sheƙi irin na farko. A jikinsa akwai sitika mai walƙiya da lambar QR, kuma a gabanta a bidiyo ya ɗora waya a kai, wani shafi ya buɗe da tambarin Pop Mart da koren maki. Ta biya. Da suka iso ta gwada da wayarta, shafin ya sake buɗewa. Ta sa musu ₦28,000, biyar suka tafi.

Wadda ta warware wannan lamari wata ɗaliba ce mai karatun kwamfuta da ta zo sayen rigar waya. Mai shagon ta nuna mata shafin tana alfahari, yarinyar ba ta kalli koren makin ba, saman allon ta duba inda adireshi yake. Bai ƙare da popmart.com ba, sunan kamfanin yana ciki, amma an liƙa masa wasu haruffa a baya. Ta ce, "Anti, kawo wani kwalin." Suka kankare rufin sitika a kwali biyu daban, lambobin da ke ƙasa iri ɗaya sak. Suka ɗauko na uku, haka. Yarinyar ta shigar da lambobin da ta ga dama a gurbin da shafin ke tambaya, ya sake ba da koren maki. Shafi ne da masu jabun suka gina da kansu, kowa ya zo zai ce masa kayansa na asali ne.

A cikin wannan watan ne hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta fitar da gargaɗi cewa na jabun suna ɓallewa cikin sauƙi, kuma ƙananan sassansu na iya shaƙe yaro. Jami'an kula da ingancin kaya a Birtaniya su ma sun yi irin wannan gargaɗi a kan idanu da hannaye da ƙafafu masu cirewa. Abin da Hajiya ta kawo a tafin hannunta a Yuli ke nan. Ko ta asalin ma, a jikin kwalinta an rubuta daga shekara 15 zuwa sama.

Mai shagon ta sauke sauran bakwai ɗin. Ta goge hotunan daga shafinta. Makonni ta yi ba ta amsa duk mai tambayar Labubu da komai sai "babu".

## Satumba: ta asali a hannu

Tana da ƙane da ke karatu a Kuala Lumpur, inda Pop Mart ke da shaguna nasa na kansa. Ta roƙe shi ya samo mata guda ɗaya tak daga hannun kamfanin, da rasit, kada ya ɓare. Ya ce, "Yaya, kayan nan ƙarewa suke kafin a kai ga layi," amma ya samu ta fitowa ta uku, ya ba wani mai dawowa gida. Da komai da komai ta tsaya mata kusan ₦45,000. Ba ta saye ta don sayarwa ba.

Ta shimfiɗa farin ƙyalle a kan kantar shagon, ta ajiye uku a jere: ta sarin farko, ta sarin biyu, da ta ƙanenta. Ta fara da kwali tun ba ta ɓare ba. Na asalin launinsa a kwance yake, ba ya ƙyalli, ƙananan rubutun bayansa kowane harafi a tsaye. Na Kano ya yi kama da shi ƙwarai daga nesa, amma a kusa gefen haruffan ya ɗan jiƙe kamar an sake buga hoto daga hoto. Sitikar asali idan an karkata ta hoton cikinta yana da zurfi, yana motsi. Ta Kano walƙiya ce kawai a shafe. Lambar QR ta kai ta adireshin da ya ƙare da popmart.com, ta shigar da lambar ƙarƙashin rufin, shafin ya nuna wannan ne dubawa na farko. Ta shigar da lambar kwalin Kano a wannan shafin na gaskiya, ya ƙi ta.

Sai fuska. Nan ne ta daɗe. Ta asalin fatarta ba ta sheƙi, launinta a sanyaye, jan kumatun ya narke cikin sauran fuskar ba a ganin inda ya tsaya. Ta Kano ta ɗan fi ja, kumatun kamar an ɗiga su. Haƙoran duka tara ne, amma na asalin a sassaƙe suke cikin robar, kowane da iyakarsa, farce yana jin tudunsa, fenti bai tsallake layi ba. Na Kano fentin ya haɗe biyu a kusurwar baki. Ta sa yatsa ta bi inda gashi ya haɗu da fuska. A ta asali ba ta ji komai ba. A ta Kano ta ji ɓawon gam. Ta ja hannu da ƙafa: na asalin suna juyawa amma ba sa zarewa.

Tafin ƙafa yana da tambarin kamfanin a duka biyun, don haka wannan bai raba su ba. Abin da ya raba su tocilar duba kuɗin jabu ce da ta aro a wajen mai POS na kusa da ita. Daga fitowa ta biyu zuwa sama akwai wani hatimi a tafin ƙafa ɗaya da ba ya fitowa sai a ƙarƙashin irin wannan haske. A ta asali siffar 'yar tsanar ta fito tsaf. A cikin bakwai na Kano, huɗu ba komai, uku kuma wani dusu-dusun tabo ne ya fito, alamar masu jabun sun san da hatimin suna ƙoƙarin kwaikwayonsa.

Wani abu ya ba ta mamaki: kan ta asalin ya ɗan karkata, kuma gashin goshinta bai kwanta daidai ba. Da a hoto ta gan ta, da ta ce jabu ce. Masu tara su sun saba da wannan. Kayan kamfanin ma ba duka ke fitowa sumul ba. Ashe kyan gani bai isa shaida ba, kamar yadda ɗan karkacewa bai isa laifi ba. Matan da suka saba da atamfa sun san haka: ba rubutun bakin zani ke gaya musu babbar atamfa ba, hannun da ya taɓa ta gaske shi ke ganewa.

Daga ƙarshe ƙanen ya turo mata farashin kamfanin a China: yuwan 99. A canjin lokacin, wajen ₦21,000 ke nan a kantin kamfanin, kafin jirgi, kafin kwastam, kafin ribar kowa, kuma a lokacin da mutane ke bin layi suna rasa ta. Ta dubi ₦6,500 da ₦14,000 da ta biya ba ta ce komai ba.

## Oktoba: mayar da kuɗi da komawa wajen dila

Ta bi waɗanda suka saya ɗaya bayan ɗaya ta waya. Ta gaya musu abin da ta sayar musu da sunan orijina ba orijina ba ne, duk mai so ya dawo da shi ya karɓi kuɗinsa, wanda kuma ke da ƙaramin yaro a gida ya raba shi da ita ko da ba zai dawo da ita ba. Daga 11 na farko, bakwai suka dawo, har da na Hajiya da na ɗalibar. Daga biyar na biyu, huɗu suka dawo. Sauran suka ce sun ji, za su riƙe. Wata ƙawarta 'yar kasuwa ta ce ta jawo wa kanta asara a banza, ai ba wanda ya kama ta. Mai shagon ta ce mata ta san hadisin wanda ya yi algus, kuma tun ranar da ta sani, shirun ma algus ne.

Dilan Legas ya tafi ke nan. Na Kano ta je ta same shi da kanta, da ta asalin a jaka da tocila. A gabansa ta shigar da lambar kwalinsa a shafin kamfanin. Ya ce shi ma haka aka kawo masa. Ta ce, "Alhaji, ban ce kai ka yi su ba, amma da sunan na asali ka sayar mini, ga muryarka a wayata." Ta ambaci hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, wadda dokarta ta 2018 ta hana sayar da kaya da siffar da ba tasa ba. Maƙwabcin shagonsa ya shiga tsakani. Kuɗi dai bai fito ba, amma ya karɓi guda goma ya ba ta jakunkuna na ₦100,000. Ɗaya ta riƙe da gangan.

Lissafin ya tsaya haka: ta kashe ₦324,000 a sari biyu, ₦88,000 ya zauna daga waɗanda ba su dawo da kaya ba, ₦100,000 ya dawo a jakunkuna. Asara ₦136,000, ban da kuɗin mota da kuɗin samfurin.

Daga nan ta daina ajiye Labubu a shago. Mai so ya ba da rabin kuɗi, ƙanenta ya saya daga kamfanin idan an samu, ya turo hoton rasit, a jira mai zuwa. A gaban mai saye ake duba sitika da adireshi da hatimi. Ta asali da ta jabu suna cikin gilas kusa da juna, duk wanda ya ce ya ga mai arha a wani wuri sai ta ciro su ta miƙa masa.

## Nuwamba: Funko

Wani saurayi mai son Liverpool ya tambaye ta ko za ta samo masa Funko Pop na Mohamed Salah. Wani kaya ne daban: kamfanin Amurka ne da aka kafa a 1998, hedikwatarsa a Everett ta jihar Washington, 'yan tsanarsa roba ce zalla, ƙaton kai da ƙaramin jiki, tsayi wajen santimita 10, a kwali mai tagar leda. Babu haƙoran ƙirgawa. Wani dila ya ce yana da shi a farashin da bai kai rabin na kamfanin ba, ba ta ko nemi hoto ba. Wani kuma farashinsa ya yi daidai, sai ta nemi hoton gindin kwali da na ƙasan ƙafa da ƙasan kai, domin galibi akwai lambar masana'anta a jikin 'yar tsanar da ya kamata ta dace da ta kwalin. Ya turo hoton gaba kawai sau biyu. Ta bar shi. Ta gaya wa saurayin ba ta samu wanda ta yarda da shi ba, ya jira ko ya nema a wani wuri.

## Abin da ya yi aiki da dalilinsa

Ƙirga haƙora ya faɗi ne domin alama ce da kowa ya sani, kuma masu jabu suna kallon bidiyon da masu saye ke kallo. Duk alamar da ta yaɗu a wannan watan, a kaya na wata mai zuwa an gyara ta. Lambar QR ma haka. Ba lambar ce shaida ba, inda ta kai ka shi ne shaida, kuma wannan sai an karanta adireshi harafi-harafi an gwada kwali fiye da ɗaya. Hatimin ƙafa ya fi su wuyar kwaikwayo, amma fitowar farko ta asali ba duka ke da shi ba, kuma an riga an fara kwaikwayonsa.

A ganina abu biyu ne suka fi komai nauyi, kuma duka biyun ba a jikin 'yar tsanar suke ba. Na farko farashin kamfani. Da ta san yuwan 99 tun a Yuni, da sari biyun ba su faru ba, domin ba dilan da zai sayi abu ₦21,000 ya kawo shi Najeriya ya sayar ₦14,000. Maganar "ƙofar baya" ita ce amsar da ake ba duk wanda ya fara wannan lissafi. Kuskurenta mafi tsada shi ne na Agusta, lokacin da ta ɗauka ninka kuɗi zai kai ta ga na asali, alhali jabu mai kyau kawai ya kai ta. Na biyu sanin hannun da kaya ya fito. Dilan da ke da shago da murya a waya an samu wani abu a wajensa. Wanda ba shi da komai sai lambar asusu ba a samu ko sisi ba. Samfurin ₦45,000 kuwa ya yi tsada a idonta lokacin, amma bai kai kashi ɗaya cikin uku na asarar ba, kuma shi ya mayar da duk sauran alamomin abin da za ta iya amfani da shi.

Mayar da kuɗin ina ganin daidai ta yi, ko da ba a kawo maganar ciniki ba. Kayan da ido ke ɓallewa daga jikinsa ya shiga gidajen da ke da masu rarrafe da sunan shagonta a kan leda.

Akwai ɓarakar da tsarinta bai toshe ba. Ana iya samun kwali na asali da sitika ta asali, a zare ta ciki a sa jabu a sake liƙewa. Muddin ƙanenta ne ke saye daga kamfanin, wannan bai shafe ta ba, amma karatunsa zai ƙare, kuma ba ta da wata hanyar da ta kai wannan aminci. Guda 20 na sarin farko kuma har yanzu suna cikin buhu a ƙarƙashin kantar shagon. Wani mai talla ya taya su ₦3,000 kowace don ya kai bakin kasuwar Wunti, ta hana, domin ta san yara za a saya wa.